Ƙulli Biyar a Jikin Kaba

Jikata ce ta tayar mini da wannan magana, ita kuwa ba ta san ta yi ba. Tana zaune bakin ƙofa da littafin Turanci a cinya, tana ta nanata wata kalma, har na gaji na ce, "Ke Hafsatu, ko ki haɗiye ta ko ki tofar, kin cika mini kunne." Ta yi dariya ta ce, "Kaka, ambrosia ake cewa. Malaminmu ya ce mu nemo ma'anarta, mu sa ta a jimla." Na gwada faɗa, harshena ya ƙi, na bar mata abarta. Na ce to mene ne shi? Ta ce wai wasu mutane ne can ƙetaren teku, tun zamanin jahilcinsu, suke cewa abubuwan bautarsu suna da wani abinci nasu, duk wanda ya ci shi ba ya tsufa, ba ya mutuwa. Na ce a'uzu billahi, abin bauta kuma har da jin yunwa? Ta ce ai yanzu ba mai yarda da wannan, kalmar ce kawai ta rage, Bature in ya ci abin da daɗinsa ya kai masa har ka sai ya kira shi da sunan. Na ce ke me kika sa a taki jimlar? Ta ce taliyar leda da soyayyen ƙwai. Na dube ta, na dubi 'yan hannuwanta masu santsi. Na ce mata mu dai malamai sun ba mu labarin mannu da salwa, abincin da Allah ya saukar wa mutanen Annabi Musa a daji, wannan kam gaskiya ne, ta rubuta shi. Ta ce ba shi aka tambaye su ba.

Ta rufe littafinta ta tafi wurin ƙawayenta, ni kuwa ta bar ni da ƙaiƙayi. Abincin da in an ci ba a mutuwa! Kwana nawa ke nan maganar tana bina, in na ɗauki tsintsiya tana nan, in na zauna tsintar shinkafa tana nan. Dama tun ina yarinya ba a san ni da zama wuri ɗaya ba, tsufa ma ya kasa koya mini. Ɗakin da muke ciki a garin Birnin Gwari taki shida ne daga ƙofa zuwa bango, na auna shi da ƙafata har na gaji da aunawa. In na fito tsakar gida, gidan mutane ne, kowa da murhunsa da idonsa. In na leƙa waje, babura ne ke wucewa kamar za su fizge wa mutum zane. Sai in tsaya in dubi inda dajin yake, in hango duhun itatuwa can nesa, in tuna tun da masu bindiga suka mai da shi gidansu, muka kwaso 'yan komatsanmu daga ƙauyenmu na wajen Kazage, ban sake taka shi ba. Ɗana kullum cewa yake in zauna in huta. In huta da me? Ƙafafuna ba su san an yi hijira ba, da asuba har yanzu rafi suke nema.

Yaran yanzu in an ce daji sai gabansu ya faɗi, kuma ba laifinsu ba ne. Mu a wurinmu rumbu ne na biyu. Da bazara ɗorawa ce, mu fita da ƙugiya mu dawo baki da hanci duk rawaya. Ruwa na sauka kaɗanya ta fara zuba, mu yi sammako tun raɓa ba ta bushe ba, mu sha ta mu tara ƙwallon don man kaɗe. Ga ɗinya, ga kanya, ga tsada mai sa mutum ya runtse ido don tsami, ga naman kaza a gindin suri bayan ruwan safe. Maza su rataya amya a kan itace, su kawo zuma da saƙarta a ƙwarya, a lakata wa kowane yaro a tafin hannu ya tafi yana lasa. Har yau in na rufe ido ina jin wurin: kurciya ta wannan gefe, ragon maza can cikin fadama, gatarin wani daga nesa, mata suna kiran sunan juna don kada wata ta ɓace. Ba mu taɓa jin tsoron ɗan Adam a ciki ba. Maciji muke tsoro, sai ɓauna in tana da ɗa. Yanzu kaɗanyar nan tana can tana zuba tana ruɓewa ba mai tsinta, mu muna nan muna sayen mai a kwalba wanda ba mu san daga inda ya fito ba.

Gidanmu ba babba ba ne. Ga Baba, manomi, ga Inna, ga ni, sai kakata ta wajen uba da muke kira Iya. Bayana Inna ta haifi uku, ba wanda ya zauna. Iya gwiwoyinta sun riga sun gaza, aikinta kaɗi ne. Tana idar da sallar asuba za ta jawo tabarmarta ƙarƙashin rumfa, ta shafa alli a yatsu, sai ka ji mazari yana juyawa cikin tasa har rana ta yi tsaka. Da wannan ƙara nake sanin gida lafiya. Ƙawata take ce mini, kuma ba ta da aikin da ya wuce tsokanata a kan gaggawa. Gaskiyarta ce. Na sauke tuwo bai nuna ba ya fi a ƙirga, na fasa tulu biyu a damina guda don ba na iya tafiya sai gudu, kitso ma ba na bari a gama mini gefe na biyu sai an danne ni. In na shigo a guje sai ta ɗago ta ce, "Ƙawata, wa ya biyo ki? Tsaya in ɗauko sandata mu tare shi." Inna takan yi faɗa, Iya kuwa dariya take yi, ta ce a ƙyale ni, duniya za ta koya mini jira ba sai da bulala ba.

Shekarar da nake son faɗa, ina budurwa, an fara maganar kayan ɗakina. Ruwa ya ɗauke a daminar baya tun dawa ba ta yi ido ba, abin da aka girbe bai kai mu ko'ina ba. Kafin sabon ruwa ya sauka an share rumbu har da tsintsiya. Aka yi shuka da abin da ya rage, kaji suka tafi, akuya ta bi su, muka koma ga tafasa da rama, a dafa da kanwa a ci, ciki ya kumbura yunwa tana nan inda take. A cikin wannan hali Inna ta haihu, namiji. Aka raɗa masa suna Audu ba rago, Baba ya ɗauki fartanyarsa ya nufi wajen Tsohon Birnin Gwari neman ƙodago ko ya samo hatsi. Mai jego da ya kamata a cika ta da kunun kanwa da nama, ganye take ci, ba a yi sati biyu ba nono ya ƙafe. Yaro ya kama ya tsotsa ya saki ya yi kuka, ya sake kamawa. Muna ɗiga masa ruwan ɗumi da auduga. Abin da yaran yanzu ba za su gane ba shi ne ba wanda muka gaya wa. Yunwa a lokacin abin kunya ce, ba a fita da ita ƙofar gida. Inna takan sa ni in ɗora tukunya da ruwa zalla in hura wuta, don maƙwabta su ga hayaƙi ya tashi a gidanmu. Su ma, na gane daga baya, ruwan suke dafawa.

Ƙetaren rafinmu akwai unguwar Gwarawa, su da kansu Gbagyi suke ce wa kansu. Tare muke cin kasuwa, tare muke tsintar kaɗanya, amma abincinsu ba ma ci, har muna yi musu dariyar wai ba abin da suke bari a daji. A cikinsu akwai Ladi, doguwar mace mai goyo, kayanta kullum a kafaɗa irin nasu, ba ta ɗora komai a ka. Wata safiya ina tsinkar tafasa bakin rafi na gan ta da dagi da kwando za ta shiga daji, na ga kuma yaranta ba su rame kamar mu ba. Ban yi shawara da kowa ba, na bi ta. Ta waiwayo ta ce, "Ina za ki?" Na ce inda za ki. Ba ta ƙara tambaya ba. Muka yi tafiya har wata ƙorama mai duhuwa, ta nuna mini wata igiya mai ƙaya da ta nannaɗe itace, ganyenta uku-uku. Rogon biri muke ce masa, kuma tun muna ƙanana an ja mana kunne cewa guba ne. Ta ce guba ne, gaskiya aka gaya muku, amma ruwa yana wanke shi. Muka haƙa har hannuna ya yi kanta. Muka dawo bakin rafi muka fere, muka yanka shi falle-falle yadda za ka hango haske ta ciki, muka tafasa a tukunyarta, hannuwana suna ta ƙaiƙayi har gwiwa. Ta zuba nawa a kwando, ta rufe da ganye, ta danne da dutse a inda ruwa ke gudu da ƙarfi. Sannan ta tsinko kaba ta yi mata ƙulli biyar ta ɗaura mini a wuyan hannu. Ta ce, "Kowace safiya ki zo ki juya shi, ki kwance ƙulli ɗaya. Ranar da kaba ta miƙe, ki ɗauka. Kafin nan ko lasa kada ki yi. Kin ji ni? Biyar." Na ce na ji. Ban gaya mata halin da Audu yake ciki ba, don an koya mini ba a faɗa.

Da na koma gida na ce wa Iya da Inna na jiƙa rogo a rafi, Ladi ce ta koya mini, sai ya kwana tukuna. Ban faɗi kwana nawa ba, na ja hannun rigata na rufe kabar. Safiya ta farko na juya kwando na kwance ɗaya. Ta biyu na kwance ɗaya. Kwanakin nan biyu ban zauna ba, in shiga ɗaki in fito, in je rafi in tsaya a kan kwandon ina kallon ruwa yana ratsa shi, ina ce masa ka yi sauri mana. Kukan Audu ne ya canza. Da yana tsala shi har a ji a waje, sai ya koma ɗan siriri, yana yi yana hutawa, maɗigarsa ta faɗa ciki. Inna ta daina kallon kowa, ta juya fuska bango da shi a ƙirji. Na san wannan juyawar, sau uku na gan ta. Safiya ta uku na durƙusa bakin rafi na kwance ƙulli na uku, na dubi biyun da suka rage. Na ɗauki falle ɗaya na shinshina, ban ji komai ba. Na ce a raina Ladi tsoro ne da ita, ruwan bana da ƙarfi yake gudu, abin da zai yi a biyar ya riga ya yi a uku. Na sa haƙori na kwance sauran biyun, na jefa kabar a ruwa, na ciro kwando.

Na ɗebi rabinsa na dafa ya yi laushi, na tuƙa, na zuba a akushi. Ƙamshin abinci mai nauyi ya tashi a gidan da ya manta da shi, har yawuna ya tsinke. Na nufi ɗakin Inna kai tsaye. Mazari ya tsaya.

"Ƙawata, ina za ki da shi?"

"Wurin Inna."

"Kawo nan tukuna. Kwana nawa Ladi ta ce?"

"Uku," na ce. Bakina bai ko yi rawa ba.

Ta karɓi akushin ta ɗora a cinya, ta dube shi, ta dube ni. Ta ce, "Irin wannan abinci ba a fara ba mai jego. Kaza ake jefa wa a jira rana ta yi tsaka, in tana nan tana tonon ƙasa sai mutane su ci. To mun cinye kajinmu, yau ni ce kazar gidan." Ta yi 'yar dariyarta, ta yi bisimilla. Ina tsaye a kanta. Kalma ɗaya ce za ta fito daga bakina, biyar, shi ke nan. Na buɗe baki na rufe. Ina tsoron a ce na yi ƙarya, ina tsoron a mai da kwando rafi, kuma can cikin raina ina cewa ai ba abin da zai faru. Ta yi loma uku manya, ta sha ruwa, ta rufe akushin da faifai ta tura shi bayanta inda ba mai ɗauka sai ya tsallake ta. Ta ce, "Je ki nemi abin yi, kada ki tsaya mini a ka kamar mai jiran gado." Ta shafa alli ta ci gaba da kaɗi.

Na share tsakar gida sau biyu, na wanke tukwanen da ba su da datti, kunnena yana kan mazarin. Hantsi ya ɗaga mazari yana ta juyawa, har na fara jin sanyi a raina. Can sai na ji ya faɗi ya gangara. Na juyo na ga Iya ta dafa ƙasa da hannu biyu, tana cewa rumfar ce ke juyawa. Kafin in kai gare ta amai ya zo, jikinta ya kama jijjiga, haƙora suka datse, kumfa a gefen baki. Inna ta fito da rarrafe tana salati. Ni kuwa gudun da aka daɗe ana yi mini faɗa a kansa ranar ya yi amfani. Na ƙetare rafi ban san na ƙetare ba, na faɗa gidan Ladi ina cewa na cire, na cire a uku, Iya ta ci. Ba ta zage ni ba a lokacin. Ta kwashi gawayi a murhu, ta ɗauki ƙwaryar man kaɗe, ta gyara goyonta muka dawo. Ta daka gawayin ta dama da ruwa, ta sa ludayi ta buɗe haƙoran Iya ta ɗura mata, ta bi da narkakken mai, ta kifa ta a cinya tana bubbuga bayanta. Aka yi ta amai baƙi har Iya ta yi laƙwas, jijjigar ta lafa, numfashi ya dawo a hankali. Sai a nan Ladi ta juyo kaina, a gaban kowa, da ƙarfi ta ce, "Biyar na ce miki! Biyar! Me ya kore ki?" Audu ne ya amsa daga ɗaki da wannan ɗan kuka nasa.

Ladi ta saurara. Ta tashi ta shiga ɗakin ba sallama, ta fito da shi a tafin hannu, ta taɓa maɗigarsa, ta dubi Inna. Ta ce, "Yaro yana mutuwa, ni ina ƙetaren rafi da nono yana zuba, kuna dafa ruwa kuna kunya?" Inna ta sunkuyar da kai. Ladi ta kwance nata goyon ta miƙo mini, ta zauna a kan turmi ta sa Audu a ƙirji. Da farko bai kama ba, ƙarfin ya ƙare. Ta matsa masa a leɓe, ya lasa, ya yi shiru, sai ya kama. Gidan ya yi tsit har muna jin haɗiyarsa, ƙut, ƙut, ƙut. Inna tana kuka ba sauti. Iya tana kwance ido rufe, na ga leɓenta yana motsi. Tun daga ranar Ladi take ƙetaro rafi sau uku a yini, har nonon Inna ya dawo. Audu ya rayu, ya girma yana kiran ɗanta ɗan'uwansa, kuma ba wanda ya isa ya yi wa Gwarawa dariyar abinci a gabansa.

Sauran rogon da ban dafa ba Ladi da kanta ta mai da shi rafi, ta sake ƙulla kaba, biyar cif daga farko, ta ɗaura mini. Ta ce ni zan ci gaba da juyawa. Na jira. Ban taɓa sanin kwana yana da tsawo haka ba, amma na jira har kaba ta miƙe. Ranar na dafa, na fara ci da kaina, na zauna a rana har inuwata ta shige ƙarƙashina, sannan na kai wa Inna. Ba gishiri, ɗan man kaɗe ne kawai a kai, da sauran ɗaci-ɗaci can ƙarshen harshe. Na ci naman sallah a gidan miji, na ci shinkafar biki iri-iri, har abin gwangwani da jikoki ke kawowa na ɗanɗana, ban taɓa cin abin da ya kai wannan tuwon ba. Ina jin sa yana sauka yana tayar da gaɓoɓina ɗaya bayan ɗaya. In dai Turawa suna da kalmar da suke ajiye wa abincin da ya fi kowane, to a nan ya kamata a sa ta, kuma ina ganin wanda bai taɓa dafa ruwa don idon maƙwabta ba, ko ya haddace ta bai san inda ake sa ta ba. Sai dai su sun ce nasu in an ci ba a mutuwa. Namu sai da wani ya fara ci.

Iya ba ta sake miƙewa sosai ba. Cikinta ya ƙi riƙe komai, hannunta ya kama rawa, mazari ya gagare ta. Baba ya dawo da 'yar dawa a buhu, aka ce masa tsufa ne da yunwa, Inna ba ta ƙara ko kalma a kai ba. Ni na ɗauki jinyarta, in juya ta, in wanke ta, amma ba na iya haɗa ido da ita. Na daina gudu, na daina magana, abinci ma sai an matsa mini. Wata la'asar, masara ta fara fitar da gemu, ina shafa mata mai a ƙafa sai ta ce, "Ƙawata, ɗago ki dube ni." Na ɗago. Ta ce, "Kina tsammani ke kika yaudare ni? Na ci rogon biri tun uwar uwarki ba ta yi wayo ba. Na san biyar ne. Tun da kika buɗe akushin na ji warinsa." Na ce, "Iya, kin sani? To don me kika ci?" Ta ce, "Ke kaɗai ke da kunne a gidan nan? Ni ma ina jin kukan yaron. Cewa na yi ko Allah zai sa ruwan bana ya yi sauri. In ya yi, mun tsere da kwana biyu. In bai yi ba, tsohuwa ce ta riga ta ci rabonta. Gaggawar tawa ce, ba taki ba, a wurina kika gado ta. Kada in ji kin gaya wa ubanki wata magana." Na kifa kaina a ƙafafunta na yi kukan da na riƙe tun ranar. Ta bar ni na yi mai isata, sannan ta ce in tashi in dama mata kunu, kuma in bari ya nuna. Ba ta ga sabon gero ba.

Da wannan magana tata na rayu. Da ita na yi aure, na haihu, na aurar. Duk sanda abin ya taso mini sai in ce ai ta sani, da idonta buɗe ta ci. Sai bayan shekaru masu yawa, ina da jikoki na fari, ƙanen Iya Malam Tanko ya zo gaisuwar rasuwar Baba, tsoho tukuf, ya kwana biyu a wurinmu. Muna hira da rana a zaure na kawo masa fura, na ce Iya ta ba ni labarin yunwar da suka sha suna yara har suka ci rogon biri. Ya ajiye ludayi ya dube ni. Ya ce, "Rogon me? Yayata? Mu a cikin birnin Zariya muka tashi, gidan ubanmu hatsi ba ya yankewa. Ba ta taɓa kwana a ƙauye ba sai da aka kawo ta gidan kakanku. Ita da ko ɗinya sai da aka nuna mata yadda ake sha, ina ta san rogon biri?" Ya yi dariya ya ci gaba da shan furarsa.

Na ce masa haka ne, wataƙila ni ce na manta. Na ɗauki faifai na koma cikin gida, na tsaya a ƙarƙashin rumfar. A nan Iya ta ji Ladi ta ce biyar, tana kwance ido rufe.